Wasiƙar da Ta Fitar da Baba Ilu daga Makka

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, ba na kuma jin zan manta har a kai ni makwancina. Ita ce ranar da Mudir, manajan ƙungiyar ƙwallonmu, ya kira ni ofishinsa, ya ɗaga wata takarda, ya tambaye ni, "Wane ne Iliyasu?" Mutumin da ya shekara ashirin yana wanke rigunan ƙungiyarsa yake tambayata wane ne.

Abin da ya taso da zancen, makon nan labari ya zo cewa Kabtin Yabani, tsohon kocinmu, ya rasu a ƙasarsu. Na shigo sito na tarar da ku, samarin da ke taya ni aiki, kun haɗa kai a kan waya ɗaya kuna kallon 'yan wasansa suna kuka, kuka juyo kuka ce, "Ammi Bakur, ashe ka yi aiki da shi?" Na ce eh, na wuce, na ji kuna cewa tsohon ya tashi da fushi yau. Ba fushi ba ne. Ga shi na zauna na rubuta muku, don ba zan iya faɗinsa da baki sau goma ba. In kun gama karantawa za ku kuma san abin da ke cikin koriyar jakar nan ta saman kanta, wadda nake yi muku tsawa in kun taɓa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Abubakar, a nan Bakur ake ce min, yara kuma Ammi Bakur, wato Baffa Bakur. A unguwar Mansur ta Makka aka haife ni. Kakana ne ya taso daga Kano a ƙasa, ya yi Hajji, ya zauna. Aikina kula da siton wani kulob ɗin ƙwallo na Makka: riguna, takalma, ƙwallaye, ruwa da ƙanƙara, duk a wuyana suke. A tsarin kulob, akwai shugaba, sai Mudir, wato manajan ƙungiya, sai koci da mataimakansa, sai likita da mai tausa, sannan ni. A takarda daga kaina aka rufe. Amma in ka leƙa ƙasa da ni akwai mutane, sai dai babu takardar da ta san da su.

Baba Ilu yana cikinsu. Iliyasu ne sunansa, mutumin wani ƙauye bayan Gumel. Na same shi a kulob ɗin, shi ya koya min yadda ake jera kayan wasa. Shi ke wanki, shi ke guga, shi ke goge takalma, abin da ake ba shi kuma daga kuɗin sabulu yake fita ta hannuna. Ba shi da igama, takardar izinin zama, bai kuma taɓa samu ba. Hajji ya zo da matarsa Asabe, ta kwanta ciwo bayan saukowa daga Arfa, kwana huɗu ta cika. Aka yi mata salla a Harami, aka binne ta a nan. Jirginsu ya tashi ba shi. Ba su haihu ba, ba abin da ya bari a gida sai gona da ya ce 'yan'uwa su ci. In ka tambaye shi me yake jira a Makka, ba ya ɓoyewa. Sai ya ce, "Nan na ajiye ta, nan za a ajiye ni." Ya sayi likkafaninsa tuntuni, ya wanke da zamzam, ya ninke a jaka. Burinsa a duniya bai wuce wannan ba, a shigo da shi Harami a kafaɗa, a yi masa salla, a kai shi inda aka kai ta.

Sai na yi wa baƙo bayanin wurin, don a nan zancen yake. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga iyakar Harami. Wanda ba shi da igama kuma ba ya kusantar shingen binciken da ke manyan hanyoyi, don nan askarawa ke duba takardu. Filin atisayenmu an gina shi ne can bayan iyakar Harami da kaɗan, saboda baƙin 'yan wasa da koci-koci, amma kafin ka kai shinge. Baba Ilu kullum a motar kaya ta kulob nake ɗauko shi daga Mansur da hantsi, in mayar da shi bayan atisaye. Mota mai tambarin kulob ba mai tsayar da ita a cikin gari. Shekara ashirin ita ce rumfarsa.

A wannan fili Kabtin ya same mu. A nan kowane koci Kabtin ake ce masa, shi kuma ɗan Japan ne, sai aka ƙara masa Yabani. Lokacin muna rukuni na biyu, mun sha kashi har mun gaji, sai shugaba ya ce a gwada wani iri daban. Aka kawo mana wani siririn dattijo mai furfura da tabarau, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. An ce ya buga wa ƙasarsu wasan tsakiya shekaru da dama. A Jidda aka ba shi gida, kullum yana zagayowa ta hanyar da aka ware wa waɗanda ba Musulmi ba. Shi ba ya shiga Makka, Baba Ilu ba ya fita. Wannan ɗan tsakanin ne kaɗai wurin da ƙafafunsu za su iya taka ƙasa ɗaya.

Tafintansa ranar wasa da ranar darasi kawai yake zuwa. Sauran ranaku ni ne bakinsa, da guntun Turancin da na tsinta lokacin ina aikin otal da alhazai. Wallahi ban so shi ba da farko. Mutum ya riga mai gadi zuwa, ya tsaya bakin fili ya rusuna wa ciyawa, ya shigo sito yana duba kusurwa da yatsa ko akwai ƙura. Mako na farko ya kafa doka: kowane ɗan wasa shi zai goge takalminsa, kuma ba mai fita daga ɗakin sauya kaya sai an share shi tas. 'Yan wasanmu da ko safa ba sa ɗauka daga ƙasa! Suka yi ta gunaguni. Sai ya ɗauki tsintsiya da kansa ya fara shara. Kunya ta sa suka karɓa.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai Baba Ilu ne. Ya ja ni gefe ya ce, "Bakur, wannan mutumin korata ya zo yi? In sun goge takalmansu ni me zan goge?" Na kai wa Kabtin ƙorafin yadda na iya. Ya zo har bakin injin wanki, ya rusuna wa Baba, ya ce in gaya masa su za su goge, amma shi ne zai duba, wanda bai gogu ba ya mayar wa mai shi. Baba ya dube ni ya ce, "Ni zan mayar wa ɗan Balarabe takalmi?" Na ce haka aka ce. Washegari ya mayar da guda shida, yana ta gyara hula.

Abin da ya haɗa su na gaske takalmin Majid ne, ɗan wasan gabanmu. Wata rana Baba ya ɗauko ƙafa biyun ya kai wa Kabtin, ya kifa su a benci, ya nuna masa ƙusoshin ƙasa. Na dama sun cinye daidai, na hagu gefen waje kawai ya cinye. Ya kama idon sahunsa, ya yamutse fuska, ya nuna Majid. Ba Turanci, ba Larabci. Kabtin ya sa likita ya duba, ashe mutumin wata guda ke nan yana ɓoye targaɗe don kada a ajiye shi a benci. Daga ranar Kabtin ya fara kiran Baba da "Sensei", wai malam ke nan da yarensu. Kowace Lahadi sai su zauna su biyu da takalma talatin a gabansu suna juyawa, wannan ya nuna, wancan ya gyaɗa kai. Baba kuma ya ɗauki nauyin ciyar da shi. Ya ce tunda ba zai iya shigowa Mansur ba, Mansur za ta je masa. Ran Alhamis sai ya sa na tsaya wurin mai tsire, ya ƙunso masa da yaji a takarda. Kabtin yana ci yana hawaye yana ɗaga babban yatsa, Baba yana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganin Baba yana dariya haka ba.

Wata rana bayan la'asar, muna jiran 'yan wasa, Kabtin ya ba ni labarin ƙafarsa. Ya ce yana kan ganiyarsa gwiwar ta tafi. Kulob ɗinsu na wani kamfani ne, ba su kore shi ba, sai suka tura shi sito ya shekara guda yana ɗaukar jakunkuna. A shekarar suka ci kofi. Da aka zo ɗaukar hoto, aka ce masa ya matsa gefe, na 'yan ƙungiya ne. Ya ce ya warke, ya koma ya buga wa ƙasarsa, amma bai taɓa manta inda ya tsaya a ranar ba. Shi ya sa duk inda ya riƙe ƙungiya, wanda ya yi aiki sai sunansa ya shiga takarda, sai fuskarsa ta shiga hoto. Na ce madalla. Da ina da hankali, a nan ya kamata in farga.

Ga yadda tafiyar wasan waje take. Kwana biyu kafin a tashi, nakan rubuta jerin sunayen masu tafiya, kowa da lambar katinsa ko ta igamarsa, koci ya sa hannu, Mudir ya buga hatimi. Tafiya ta farko Kabtin ya bi jerin da biro, ya ɗago ya ce, "Ina Sensei?"

To, ku kun san al'adarmu, amma bari in faɗa don baƙo. A Mansur ba a cewa wane ba shi da takarda. Ko a tsakaninmu sai dai a ce "ba ya nisa", ko "yana da uzuri". Da shi aka yaye mu. Uwata ta taɓa marina ina ƙarami don na faɗi haka a kan wata maƙwabciyarmu a gaban mai kanti. Rufin asiri ne, kuma ya tsare mutane da yawa. Balle a gaban baƙo, wanda ba Bahaushe ba, ba Musulmi ba, mai shiga ofishin manya. Bakina bai ko tsaya shawara da ni ba. Na dafa ƙirji na ce, "Ba shi da lafiya. Likita ya hana shi doguwar tafiya."

Tafiya ta biyu ya sake tambaya, na sake dafa ƙirji. Ta uku ya ce wane asibiti yake zuwa, na dafa ƙirji na ce na unguwa. Ya ce kulob ne ke biyan magani? Na ce, "In sha Allahu ana dubawa." Duk wanda ya tashi a garin nan, in ya ji an ce masa ana dubawa, ya san an ce ya bar zancen. Shi kuwa sai ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta. Na lura ya fara karɓe wa Baba kwandon wanki in ya gan shi ɗauke da shi, ya hana shi ɗaga buhun ƙwallaye. Baba yana ta mamaki, ni ina dariya a ciki, wai ƙaryata ta sama wa tsoho hutu. Kaico.

Sai ga Talatar nan. Kafin azahar Mudir ya aiko a kira ni. Na shiga na tarar ya kashe waya, ya rufe labule. Ya ɗaga takarda mai shafi biyu, Turanci a sama, fassarar Larabci a ƙasa, ga sa hannun Kabtin.

"Wane ne Iliyasu?"

Na ce, "Ustaz, Baba Ilu mana. Mai wanki."

Ya ce, "Ba mu da ma'aikaci mai wannan suna. Karanta."

Na karanta. Kabtin ya rubuta wa hukumar gudanarwar kulob cewa akwai ma'aikaci mai suna Iliyasu da ya yi shekara ashirin yana hidima, yana fama da ciwon ƙirji, ba shi a jerin ma'aikata, ba shi da inshorar lafiya. Ya roƙi a yi masa rajista, a kai shi babban asibiti, in kuɗi ne matsala a cire daga albashinsa. Ya yi bayanin takalmin Majid dalla-dalla. Kuma da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, sai ya aika kwafi ga ofishin da ke kula da rajistar ma'aikatan kulob-kulob, don a ƙasarsu haka ake yi. Bai gaya min ba, so yake ya yi wa Baba ba-zata.

Mudir ya ce, "Kwafin ya isa tun shekaranjiya. Sun bugo, masu bincike suna zuwa ranar Alhamis. Ka san abin da ke kan kulob in aka samu mara igama a cikinsa. Wa ya ce masa mutumin ba shi da lafiya?"

Na ce ni ne.

Ya dube ni ya ce, "Allah ya shirye ka, ya Bakur. Da ka faɗa masa gaskiya ai da ya yi shiru kamar kowa. Khalas, magana ta ƙare. Ka fitar da shi yau, kada ya bar ko silifa. Za mu ce kuskuren tafinta ne. Shi kuma Yabani ka ce masa an sallami tsohon da alheri, ya tafi hutawa." Na roƙe shi, na ce a ɓoye shi mako biyu ya dawo. Ya ce suna ya riga ya shiga fayil, ba ya fita. Ba mugu ba ne Mudir, na ga idonsa ya yi ja. Amma bai ɗaga waya ya kira kowa ba.

Na samu Baba yana shanya safa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama, ya matse safar da ke hannunsa, ya rataye ta, sannan ya ce, "Ciwon ƙirji ka ba ni, Bakur? Ni da ko tari ba na yi?" Ya sake cewa, "Kabtin da kansa ya zauna ya rubuta takarda saboda ni? Har shafi biyu?" Na ce eh. Ya ce, "Ikon Allah. Tunda na zo ƙasar nan ba a taɓa rubuta sunana ba." Ya ɗauki butarsa da dardumarsa. A mota ya ce kada in gaya wa Kabtin, mutumin alheri ya nufa, kada a sa masa nauyi. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu, don ta yi min daɗi, ta ba ni mafaka.

Da yamma Kabtin ya zo yana waige-waige. Na ce masa wasiƙarsa ta yi aiki, an sallami Baba da alheri, za a yi masa magani ya huta cikin danginsa. Fuskarsa ta washe. Ya tsaya a gabana ya rusuna min har ƙasa-ƙasa, ya ce ya gode da taimakona. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Na yi ta nema wa Baba wani wurin, ban samu ba, kowa yana tsoro. Shi kuma ba mai zama a ciyar da shi ba ne. Ya sayi bokiti da tsumma ya fara wankin mota a bakin wata kasuwa a unguwar Zahir. Mutumin da ya shekara ashirin bai tsaya a titi da rana ba, bai san yadda ake gane motar kame ba, bai san lungun da ake shiga ba. Samarin da ke wurin suna ganin motar suka watse. Shi yana tsugune yana goge taya aka kama shi. Kwanansa goma sha tara da fara aikin.

Daga tarhil ya bugo min, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. An ɗauki hoton yatsunsa, wanda ke nufin ko da kuɗi ba zai sake shigowa nan kusa ba. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Bakur, jakata tana ƙarƙashin gado. Ka ɗauke kafin mai ɗaki ya zubar. Ka ajiye min." Na ce zan aiko masa. Ya ce, "A'a, ajiye dai tukuna. Wa ya sani."

Na ajiye. Mukan yi waya jefi-jefi ta wayar wani ɗan ƙaninsa. Ya ce ƙauyen duk baƙi ne, sa'o'insa sun mutu, yara suna yi masa dariya wai Hausarsa ta cika Larabci. Kullum sai ya tambayi ko an gyara injin wanki na biyu, ko Majid yana ɗaure ƙafa. Hajji ya zagayo, alhazan Gumel suka zo, na yi niyyar ba wani jakar ya kai masa, har na ɗauko ta, sai na mayar. Gani nake in na aika, na yanke ke nan cewa ba zai dawo ba. Wata biyar bayan tafiyar alhazan ɗan ƙanin ya bugo ya ce Baba ya cika da safe, an kai shi kafin azahar. A yadin kasuwar ƙauye aka naɗe shi.

Kabtin bai san ko ɗaya ba. Ya ƙarasa kakar wasan, ya fitar da mu daga ƙasan teburin gasa, ya koma gida. Bayan wasu shekaru ƙasarsu ta ba shi ƙungiyar ƙasa. Kun ga abin da ake yabonsa da shi a wayoyinku: ɗakin da 'yan wasansa suka bari fes ko an ci su, da hoton ƙungiya wanda masu wanki da masu dafa abinci ke zaune a sahun gaba. Duk gaskiya ne, na gani da idona tun kafin duniya ta gani.

Sai wata shekara suka zo wasa Jidda, ya aiko a neme ni. Washegarin wasan da safe na same shi a zauren otal, ya ƙara tsufa, ɗingishin ya ƙaru. Ya rungume ni, abin da ba ya yi. Ya miƙo min rigar ƙungiyar ƙasarsu a leda, an rubuta ILU a baya. Ya ce duk matashin kocin da ya zo koyon aiki wurinsa sai ya ba shi labarin tsohon da ke karanta takalmi, kuma wasiƙar nan tana cikin abubuwan da ya fi alfahari da su a aikinsa. Ya ce, "Yaya ƙirjin nasa?"

Tun a mota na shirya wata sabuwar ƙarya, har na gyara ta. Amma da na ga rigar, sai ta ƙi fitowa. Na gaya masa. Da guntun Turancina, ina yi ina neman kalma, na gaya masa babu ciwon ƙirji, ba a taɓa yi ba. Na gaya masa igama, da Asabe, da bokitin wankin mota, da jakar. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Sannan ya ce, "Sau uku na tambaye ka."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Da ka faɗa min, da na yi shiru. Na iya shiru. Me ya sa ka ga ba za ka iya gaya min ba?"

Na ce masa al'adarmu ce, ba a faɗa wa baƙo. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wata takwas ina cin abincinsa."

Jirginsu sai yamma. Ya ce in kai shi iyaka. Muka kama hanyar Makka, har inda allon bakin titi ya ce wanda ba Musulmi ba ya ratse. Na tsaya a gefen titi. Ya fito cikin ranar nan mai ƙuna, ya ce ta ina matar take. Na nuna masa saitin maƙabartar, ba abin da ake gani sai duwatsu. Ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafa, ya rusuna, ya daɗe a haka, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa masa riga. Da ya ɗago fuskarsa a jiƙe take. Ya ce in ajiye rigar tare da jakar. Ban sake ganinsa ba.

Abin da na koya, ga shi, ku riƙe ko ku zubar. Aikin nan namu a kan mutanen da ba a rubuta ba yake tsaye, a kowane kulob, kuma rufa musu asiri wajibi ne, ban ce ku saki baki ba. Amma ku dubi wanda ke tambayar. Akwai mai tambaya don ya kama, akwai mai tambaya don ya damu da mutumin, kuma na biyun in ka yi masa ƙarya ba zama zai yi ba, tashi zai yi ya yi gyara a kan ƙaryar taka. Ni ban bambance ba. Na ga baƙo kawai, alhali mutumin ya fi ni ƙaunar Baba Ilu. Shi ya sa kuke gani duk sabon kocin da aka kawo, nakan yi wata guda ina kallon yadda yake gaisa da masu shara, in na yarda da shi in rufe ƙofar sito in yi masa bayanin da ba a rubutawa. Ba gulma nake kai masa ba, kamar yadda wasunku ke cewa.

Jakar kuwa, likkafani ne a ciki da riga mai suna a baya. An ce in bayar da likkafanin sadaka, in an samu gawar da ba ta da shi, kuma na san haka ne daidai. Sau biyu ina sauko da ita. Har yau in na yi salla a Harami, aka idar, ladan ya yi kiran sallar gawa, aka wuce da mamata a kafaɗa, sai in kama kaina ina ƙirga su. Kullum akwai wuri a sahun. Fiye da shekara ashirin Baba Ilu ya yi yana jiran wurin nan, ni na dafa ƙirji sau uku na raba shi da shi.